Jirgin Ruwa a Gonar Masara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara? Yaya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari na ƙurar siminti. Kada Inna ta ji.

Ka tambayi yaushe za a gama madatsar ruwan. Yaya, shekara shida ke nan da suka ɗauke ni direban jirgin ruwa, har yau babu tafkin. Jirgin yana kan turaku, kaza ta ƙyanƙyashe sau uku a ciki. Kuɗin aikin ya ninka uku, manyan kuwa sai su zo da farar hular kwano da ƙaton tumbi, su nuna tsauni da yatsa, su ce "baɗi". Ko kunya babu! Mutanen da aka tasa wai ruwa zai cinye ƙauyensu sun dawo, sun shuka masara har gindin jirgina.

Ka aiko min da zuma saboda tarin, ka ce wa Inna ta abokina ce. Allah ya ƙara rufa asiri.

Kuma don Allah ka hana Baba sayar da tsohon kwalekwalenmu. Ko yana yoyo, shi dai ya taɓa ganin ruwa.

Ƙaninka.