Baba da Gunvor Sun Raba Aikin Shara

Gävle, Swidin

Zuwa ga Yayana Ingemar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya a can Kanada, ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da matarka Birgit ta ce kana ɓoyewa. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta narke, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba. Maigidana Sixten ya fito da kekensa yana ta shafa masa mai kamar mai shirin gasar duniya. 'Yarmu Tuva kuma ta ci jarrabawar aikin jinya, yanzu ko atishawa mutum ya yi sai ta taɓa masa goshi.

Yaya, don Allah ka daina aiko mini da hotunan gidajen tsofaffi. Kana can bayan teku kana ba da umarni, ni ce nan nake hawa benen. Bari in ba ka labarin yadda maganar Baba ta ƙare.

Ka san sabuwar dokar ta ce kowane gidan bene sai ya rarraba shararsa, shi ya sa aka toshe 'yar ƙofar ƙarfen nan ta bango da muke jefa shara ta zarce ƙasa, wadda ka taɓa jefa takalmina a ciki. An gina ɗakin shara a tsakar gida, ganguna a jere: na takarda, na roba, na gwangwani, na farar kwalba da mai launi, ragowar abinci kuma a jakar takarda. Baba ya yi murna da dokar fiye da waɗanda suka kafa ta. Yana wanke kwalin madara, ya shanya, ya ninke kamar wanki. Sai dai yana zaune a hawa na huɗu, ginin babu lif mai hawa da mutane, gwiwoyinsa kuwa ka san halinsu. Ya sauka da jakunkuna sau ɗaya, ya kwana biyu bai iya miƙewa ba. Ni ba kullum nake samun zuwa ba, shi kuma ya rantse baƙo ba zai ɗaukar masa shara ba. Jakunkuna suka taru a barandarsa. Da na sa sunansa a layin gidan tsofaffi kamar yadda muka yi shawara, bai yi mini faɗa ba. Ya dubi kujerar marigayiya Mama kawai ya ce to. Na yi kuka a mota ran nan, ban gaya maka ba.

Ka tuna Gunvor, matar da ƙofarta ke kallon ta gidan Baba? Kusan shekara arba'in suna maƙwabtaka da Baba, amma ban da gaisuwar gyaɗa kai babu abin da ya taɓa haɗa su. Idan zai fita sai ya leƙa ta ramin ƙofa, in ya ga tana waje ya jira ta wuce, don kada ya takura mata. Ashe ita ma haka take yi masa. To ita ƙafafunta garau, tana sauka da hawa kamar budurwa, idonta ne ya yi rauni. Ba ta gane wace ganga ce ta mene ne, sai ta zuba roba cikin takarda, ta sa koriyar kwalba cikin farare. Wani maƙwabci ya manna takardar ƙorafi a bakin ƙofar shiga, babu suna, kamar yadda muka saba a ƙasar nan. Kunya ta sa ta daina fitar da shara gaba ɗaya.

Baba ne ya hango ta ta ramin ƙofar, tana tsaye da kwalin ruwan lemo a hannu, tana jujjuya shi kusa da hancinta. Ya ce mini ya daɗe yana riƙe da mariƙin ƙofa kafin ya buɗe. Da ya buɗe, bai ma gaishe ta ba, sai ya ce mata murfin na roba ne, jikin kuma na takarda. Ita kuma ta ce masa ta daɗe tana jin warin barandarsa, ladabi ne ya hana ta magana. Daga nan suka shirya: shi yana rarraba tasa da tata a teburinsa, ya ɗaura wa kowace jaka zare mai ƙulli daban yadda za ta gane da hannu, ya sa Sixten ya ɗaura irinsa a kan gangunan. Ita kuma ta sauke su duka.

Makon jiya aka kira ni daga gidan tsofaffin, wai ɗaki ya samu. Na tafi in gaya wa Baba. Na buga ƙofar Baba, shiru. Sai na ji dariyarsa daga ɗaya ƙofar, irin dariyar nan mai tari da ban ƙara ji ba tun rasuwar Mama. Na same su suna shan kofi da burodin kirfa, tana yi masa tsiya wai ya fi malamin makaranta tsanani, ya dawo mata da gwangwanin kifi har sau biyu don ba ta wanke shi sosai ba. Shi kuma yana cewa da ba don shi ba, da tuni an kore ta daga ƙasar.

Na gaya masa maganar ɗakin a gabanta. Bai ko ajiye kofinsa ba, ya ce in ce musu su ba wa wani tsoho, shi yana da aiki. Gunvor ta ce in ƙara musu da cewa ba za ta ba da aron idonta ba, wato Baba. A nan take na kira su na soke. Farin cikin da na ji, Yaya, ban san yadda zan rubuta maka shi ba.

Ka gaida Birgit da kyau, da ɗanku Alvar da amaryarsa Noomi, ka sumbaci jaririya Ylva a madadina. Sixten da Tuva suna gaishe ku. Baba ya ce in ka zo da bazara ka fara buga ƙofar Gunvor, don ba lallai ka same shi a gida ba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Solveig