Lambar Umma a Rumbun Gwaji

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko a sabon aiki. Manhajar asibiti ce: mutum ya nemi ganin likita ta intanet, in ranar ta matso a tura masa tes a tuna masa. An ba ni tebur a jikin taga, kujera mai gurguwar ƙafa, da kwamfuta fayau. Oga ya ce kafin in taɓa komai sai na tayar da kwafin manhajar a kwamfutata, inda zan yi ɓarna ba tare da kowa ya mutu ba. Wai aikin rabin yini ne. Da ya faɗi haka duk ofishin suka sunkuyar da kai.

Talata, 4 ga Maris

Wanda ya rubuta bayanin girka manhajar a kwamfuta ya bar aiki tun bara, kuma da alama da fushi ya tafi. Ya ce a sauke siga kaza. Na sauke, ta ce ba ta shiri da rumbun bayanai. Na lallashi rumbun, shi kuma ya ce bai san ni ba. Jan rubutun kuskure tun safe. Dogo, mai teburin kusa da nawa, ya leƙo ya ce shi dai a tasa kwamfutar komai na tafiya. Na yi masa barka.

Yaya ya kira. Ƙafafun Umma sun sake kumbura, maganin hawan jinin kuma ta daɗe da jingine shi. Na kira ta na ambaci asibiti. Ta ce tunda na yi digiri kowa mara lafiya nake ganinsa. Muka yi sallama a daƙile, kamar kullum.

Laraba, 5 ga Maris

Manhajar ta tashi. Dogo ya ba ni fayil ɗin saitinsa na kwafa, wai kowa a nan haka ya fara.

Saura marasa lafiya na bogi da zan yi gwaji da su. Shafin ba ya karɓar lambar waya ta ƙarya, tawa kuma na riga na yi rajistar ma'aikaciya da ita. Lamba ɗaya ta rage a kaina, ta Umma. Na sa ta, na ba ta likitan hawan jini ranar Alhamis ta sama, na danna tunatarwa. Dogo ya ce a gwaji saƙo ba ya zuwa ko'ina.

Alhamis, 6 ga Maris

Yana zuwa.

A fayil ɗin Dogo akwai mabuɗin gaske na kamfanin da ke tura tes. Yaya ya kira da murna, wai asibiti sun aiko wa Umma saƙo, har ta sa an goge mata kaya. Na je na faɗa wa Oga. Ya cire gilashi ya murje ido, ya tambayi mutum nawa abin ya shafa. Na ce ɗaya. Ya ce a kira a ba da haƙuri, lambar wa ce?

"Ta mahaifiyata."

Dogo ya yi ta tari har sai da ya fita waje.

Ni na daɗe ina magana ba a ji ba. Layi biyu daga kwamfuta mai jan rubutu, an goge kaya.

Asabar, 8 ga Maris

Na je gida da niyyar faɗa mata gaskiya. Na same ta a bakin gado, ta zazzage jaka ta nemo tsohon katin asibiti, ta jera ragowar ƙwayoyin a faranti don likita ya gani. Idon sawunta ya ɓace cikin kumburi. Ban san ya kai haka ba, a waya ƙafa ba ta fitowa.

Ta miƙo min wayar in sake karanta mata, duk da ta haddace. Sai ta ce, "Ashe suna sane da ni."

Na ce e, Umma, suna sane.

Litinin, 10 ga Maris

Oga ya tambaya ko na ba da haƙurin. Na ce ana kan hanya.

Na shafe hutun rana ina roƙon matar da ke rajista a asibitin ta mayar da ƙaryata gaskiya. Ta ce Alhamis a cike take. Na ba ta labarin duka. Ta yi dariya har ta ajiye wayar, ta dawo ta ce mu zo da wuri, za ta cusa mu.

Alhamis, 13 ga Maris

Likita ya auna, ya sake aunawa, ya daina murmushi. Ya ce gara da aka zo yanzu. Sabon magani, gwajin ƙoda, a dawo wata mai zuwa. Umma ta gode masa da saƙon da ya turo. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba karɓar godiyar abin da bai yi ba.

A layin karɓar magani ta riƙe hannuna. Wai jiri.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sake rubuta bayanin girkawa daga farko. An canza mabuɗin, saƙon gwaji yanzu a cikin kwamfuta yake tsayawa. Oga ya ce aiki ya yi kyau, bai sake tambayar ɗaya maganar ba.

Sakamakon ƙoda sai mako mai zuwa. Maganin safe da yamma ne, kuma babu manhajar da ke ganin ko mutum ya haɗiye. Na kai kaya kala biyu da buroshi ɗakina na dā a gidan Umma. Na ce wa Yaya gidan ya fi kusa da ofis.

Bai fi ba.