Shuɗin da Inna Ta Gani

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka a aikin jiragen ruwan nan da ya raba mu da kai. Mu ma muna lafiya. Maigidana yana gaishe ka, yara sun koma makaranta, Kawu kuma har yanzu yana fama da gwiwarsa da kuma surutunsa.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kuka zai hana ni. Ka san tun da ka fara aiko mata da hotunan halittun teku ta bar ginin tukwanen girki, ta koma kayan ado: farantai masu kifaye, kwanuka masu kaguwa a baki, da wancan dodon mai hannu takwas da take nannaɗewa a wuyan tulun fure. Mutane suna ta yabo, ba su san mai ginin ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kogi faɗi ba. Ka kuma san ruwan launin da take shafa wa yumɓu kafin gashi, yadda duk bokitan suke kama da ruwan toka, sai wuta ta ci sannan launi ya fito. Ni ko za a yanka ni ba na bambance su. Ita kuwa kallo ɗaya take yi ta san shuɗi, shi ya sa ba ta taɓa yarda a yi wa bokitan alama ba.

Makon jiya muka buɗe tanderu. Yaya, duk farantan da ya kamata su fito shuɗi sun fito ruwan ƙasa. Ban gama rufe baki ba sai ga Inna ta ɗaga babban cikinsu saitin taga, tana murmushi, tana cewa ba ta taɓa samun shuɗi mai kyan wannan ba. Wallahi na kasa faɗa mata gaskiya. Mai shagon da ta ba da aikin ce ta fasa ƙwan, ka san ta da baki ba linzami. Ta ce ita teku ta ce a yi mata, ba kududdufi ba. Inna ta yi 'yar dariya ta ce ai hannu abin da ya sani ya gina. Da yamma ta rufe bokitanta, ba ta sake buɗe su ba.

Na kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinta a hankali. Na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ya ba da maganin ɗigawa, amma ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma ba zai yi mana alkawarin baɗi ba.

Abin da ke cin raina shi ne tafiyar nan. Sau nawa ka ce a kawo ta ta ga teku? Kullum da dalili: aiki bai bushe ba, ba a barin tanderu da wuta, kai ma ba ka samu hutu ba. Muka ɗauka teku ba ya gudu, muka manta ido yana gudu. Da na sani ƙeya ce, amma ina roƙon ka kada mu ƙara wata a kan wannan. Ka nemi hutu ka zo ka ɗauke ta, ko ka ce in kamo hannunta mu taho.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce ina nan ina jiran ziyarar da ta yi alkawari. Ka shafa kan 'yan biyu da Auta. Inna ma tana gaishe ku. Tana nan kusa da ni a zaune, idonta a rufe da rana tsaka. Na tambaye ta ko barci take ji, ta ce a'a, tanadin sauran take yi har ka zo.

Taka ƙanwa,
Ƙaramar Inna