Na Ɗauka Jinin da Aka Ɗiba Ya Wanke Ni

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Yayata ta rasu da ciwon dajin bakin mahaifa, ni na yi jinyarta. Ita ta raine ni, ita ta koya mini ɗinki. Har yau kekenta na nan lulluɓe da zanenta, na kasa buɗewa.

Muna asibiti wasu likitoci suka zo ɗibar jinin masu ciwon. Suka ce akwai wani sinadari a jini mai sa tsoka girma, suna son ganin ko ya fi yawa a jikin masu daji. Suka nemi na masu jinya ma, na miƙa hannu. Yaya tana kwance tana ce mini raguwa, don na rufe ido saboda allura. Ba su sake nemana ba, na ce da akwai matsala ai da sun kira. Na gaya wa maigida da 'yata an gwada ni, lafiya lau.

Al'adata ta daɗe da ɗaukewa, sai ga jini kaɗan-kaɗan. Ban damu ba, tunda an gwada. Shekaranjiya wata nas ta kawo ɗinki, na ba ta labari. Ta ce wannan bincike ne, ba gwajina ba, an ɗebi nawa ne don a kwatanta da na marasa lafiya. Sai na tuna jinin nan da nake gani. Haka na Yaya ya fara. Kuma ina tsoron gadon nan mai ƙarfen ɗora ƙafa, a kansa aka gaya mata tana da daji. Ina mafita?

Ƙanwar marigayiya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan yayarki, ya ba ki ladan jinya.

Nas ta faɗi gaskiya. Masu bincike suna neman sani ne tukuna, shirunsu ba sakamako ba ne. Ya kamata su tabbatar kin fahimci haka, ke kuma hankalinki na kan yayarki, don haka kada ki zargi kanki.

Jini bayan ɗaukewar al'ada ba lallai daji ba ne, amma ba a zama da shi. Bakin mahaifa sai an duba shi kai tsaye. Ki je asibiti a makon nan, ki faɗi abin da kike gani, ki nemi mace ta duba ki. Ki gyara maganar da kika yi a gida, 'yarki ta raka ki.

Gadon nan mummunan labari ya ba Yaya don an makara. Ki hau shi da wuri, ko da idonki a rufe. Allah ya sa mu ji alheri.