Ramar Dutsen Roni

Kazaure,
Laraba, tsakiyar daminar 1976.

Zuwa ga Saudena, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira. Ina gaishe ki gaisuwar mai jin kunya. Ina gaida Kawu Daudu da duk mutanen gidansa a can Gwiwa.

Wata huɗu ke nan da tafiyarki, amma gidan nan ya ƙi yarda kin tafi. Da la'asar in na taso daga ofis, tun daga zaure nake jiyo dakanki, dakan nan naki na bugu biyu sai ki ɗan tsaya. Sai in jingine babur in shiga da sauri, in tarar da turmi a kife, ƙadangare yana shan rana a kansa. Wani lokaci ƙamshin ƙuli-ƙuli ke tare ni a tsakar gida, alhali kafin Asabar ɗin da ta wuce rabon da a hura wuta a murhun nan tun ranar da kika fita. Wa zan gaya wa wannan bai ce na zautu ba?

Kin san laifina, amma bari in faɗa da bakina. Ranar da abokan aikina suka zo taya ni murnar sabon babur, kin miƙo mini akushi daga bakin ƙofa. Na buɗe a gabansu: kwaɗon ramar daji ne, kin daka ƙuli-ƙuli da barkono da albasa, kin zuba man gyaɗa har yana sheƙi. Ɗayansu ya yi dariya. Na dawo miki da shi, na ce, "Har yau ba ki rabu da abincin yunwa ba? Ki ba akuya." Kin dubi akushin, kin dubi hannuwanki, kika shige ɗaki. Da gari ya waye kin tafi.

Ni kuwa na ɗauka yaji ne na kwana uku. Ashe ban san abin da na taka ba.

Makon jiya yayarki, Adda Shatu, ta zo kwashe sauran tufafinki. Na tambaye ta me ya yi zafi haka a kan kwaɗo. Ta zauna a bakin rijiya ta daɗe tana kallona, sannan ta ba ni labarin shekarar fari, lokacin da muke zaune a Roni, gero ya ƙone a gona, ni kuma ciwon shawara ya kwantar da ni kwana arba'in. Na tuna akushin da kike ajiye mini kullum. Na tuna hannuwanki sun yi ja sun kumbura, kina ce mini zafin murhu ne. Ban san dutse kike hawa ba, da cikin wata biyar, kina bin tsagin duwatsu inda ramar nan mai ƙaiƙayi ta samu ɗan laima, kina tsinkar ta da hannu tsirara. Ban san ni kike ba ganyen, ke ki sha ruwan da aka tafasa shi ba. Kuma cikin da kika ce mini ya zube a ɗaki, ban san a kan dutsen ya zube ba, da rana tsaka, ke da Adda kaɗai, kuka haƙa rami da sanda kuka rufe shi da duwatsu, sannan kika ɗauki ƙwaryar ganyenki kika sauko kika daka mini abinci.

Adda ta ce, "Ita ta hana ni faɗa maka. Ta ce kada ciwonka ya tashi."

Ya hasken gidana, wane irin mutum ne ke cin rayuwarsa daga tafin hannun mace, ya warke, ya yi ƙiba, sannan ya kira abin da ya raya shi abincin akuya?

Ran Asabar na je Roni. Na bar babur a gindin dutse na hau da ƙafa. Damina ta yi kyau bana, ramar ta fito ko'ina, kore shar, tana kaɗawa kamar ba ta san komai ba. Na bi kwatancen Adda har na sami wurin: ƙarƙashin wani ƙaton dutse mai kama da raƙumi a durƙushe, ga 'yan duwatsu bakwai a jere, ciyawa ta kusa rufe su. Na share wurin. Na yi addu'ar da ya kamata in yi shekara uku da suka wuce. Iska ta taso ta cikin tsagin dutsen da wani siririn sauti, ban san ko iska ce kawai ba.

Sannan na tsinki ramar da hannuna. Saude, ashe haka take? Kamar an watsa wa mutum garwashi tsakanin yatsu. Ganye ashirin na tsinka na ji hawaye, ke kuwa ƙwarya guda kullum. Na kawo ta gida na tafasa, na tayar da turminki na daka ƙuli-ƙuli. Bai yi ba. Ya yi ɗaci, ya yi ruwa, don ban san ana zubar da ruwan farko a matse ganyen ba. Na cinye shi tas a zaune a ƙasa. Da waɗannan yatsun masu kumburi nake rubuta miki, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ke ce kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina, ke ce ƙoramar da ba ta ƙafe ba a shekarar da kowace rijiya ta ƙafe. Ban sake ki ba, kuma harshena ba zai iya ba. Amma ba zan ce ki dawo ba, don ban kai in nemi wannan ba tukuna.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo Gwiwa, in durƙusa gaban Kawu Daudu. In kin ƙi fitowa, zan koma in sake zuwa wata Juma'ar, da wadda ke bayanta. Abu ɗaya nake roƙo, ko daga bayan zana ne. Adda ta ce namiji ne, kuma kafin ku rufe shi kin raɗa masa suna a kunne. Na roƙe ta ta ƙi faɗa mini, ta ce ba nata ba ne da za ta bayar.

Ki gaya mini sunan ɗana, Saude.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a makara,
Falalu.