Teku a Silin Ɗakin Stamat

Pleven, 4 ga Maris

Ɗana Kalin, barka da aiki, ya sanyin Hamburg? Kana dai cin abu mai zafi ko? Babanka yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama ba ya motsi, magana sai ɗai-ɗai. Likita ta ja ni kicin ta ce in daina zancen kai shi Pomorie, bakin teku, ba zai jure hanya ba. Kalin, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a kwalekwale, yanzu tagarsa bangon maƙwabta take kallo. Jiya ya ce min "teku". Na ce Stamat, miyar wake ce, buɗe baki. Ya ƙi.

To ni zan kawo masa tekun. Tunda kai aikinka ke nan, kiwon kifi a gilashi, ka koya min. Na ga wani tanki a shago, dogo siriri mai murfi, lita sittin, zai shiga cif tsakanin kwaba da taga, na auna da tef ɗin ɗinkina. Ina son mai duwatsun murjani irin na hotunanka. Gishiri cokali nawa ake sawa?

Allah ya tsare min kai.
Mamanka, Ginka

Hamburg, 6 ga Maris

Mama, ina gaishe ki, ki shafa min kan Baba.

Don Allah kar ki taɓa gishirin girki, zan aiko na musamman. Kuma kar ki sayi dogon nan. Ruwa kaɗan saurin lalacewa yake, kin san yadda ƙaramar tukunya take kamawa. Hannunki ba zai kai ƙasansa ba, haske ma haka. Ki nemi mai faɗi, gajere, marar murfi, lita ɗari biyu. A fitar da kwabar, a jingina shi da bango mai kauri saboda nauyi.

Abu na ƙarshe ba zai miki daɗi ba. Sati shida ruwa da duwatsu kawai, sai ruwan ya nuna kafin a sa kifi.

Ɗanki, Kalin

Pleven, 2 ga Afrilu

Kalin, gaisuwa. Na yi fushi da kai kwana uku. Sati shida! Kai kana da sati shida, ka tambayi babanka ko yana da su? Amma na yi yadda ka ce. Kwabar da aka yi min ta aure tana waje a lungu, kowa sai ya buge gwiwa. Velika, maƙwabciyarmu ta benen ƙasa, ta leƙo ta ce "Ginka, kin gina wa duwatsu gida, yaushe za su biya haya?" Na ce ranar da mijinki ya daina barasa.

Ga wautata, ban tuna babanka a rigingine yake ba. Wuyansa ba ya juyawa ya ga tankin. Na zauna a kicin na sha kukana. Da na kunna fitilar tankin da injin da ke motsa ruwan sai na ji yana gurnani, na zo da gudu. Ashe hasken ruwan ne yake rawa a silin, daidai saman fuskarsa, kamar yadda yake yi a jikin kwalekwale da hantsi. Ya ɗaga hannun hagu yana ja, yana ja, kamar mai jan koma. Ya ce "ruwa ya kwanta, Ginka". Kalma huɗu a jere, rabona da jin haka tun Disamba.

Amma ya daina cin abinci sosai. Ka bar ni in sa kifi ko guda ɗaya, in ɗaga masa madubi ya gani. Ina roƙonka.

Mamanka

Hamburg, 3 ga Afrilu

Mama, ina gaisuwa. Na karanta a wurin aiki, sai da na fita waje. In kika sa kifi yanzu kwana biyu zai mutu, a gaban idon Baba. Ki ƙara haƙuri. Na ɗauki hutu ranar ashirin, zan zo da kifi biyu da hannuna, masu ruwan lemo da farin zane. Ki gaya masa ya jira ni.

Kalin

Pleven, 15 ga Afrilu

Ɗana, na kasa magana a waya, shi ya sa na katse. Kar ka zargi kanka da ba ka samu jirgi ba, an rufe shi lafiya, rana ta fito.

Matan unguwa sun zo sun rufe madubai, sun zubar da duk ruwan da ke gidan kamar yadda ake yi, har na buta. Sai Velika ta nufi tankin da bokiti. Na tsaya a gabansa. Ta ce "Ginka, ruwan gidan mamaci ne." Na ce ruwan Stamat ne, saura kwana biyar ya nuna, duk mai taɓa shi sai ta fara ta kaina. Ta ajiye bokitin ta rungume ni.

Idonsa a silin yake lokacin da ya tafi. Da dogon nan mai murfi na saya, da siminti kawai zai gani.

Na gaya masa ya jira ka. Ya yi ƙoƙari, Kalin.

Ka zo da kifin.

Mamanka