Na ce wa 'yata ƙaninta ya mutu, alhali yana raye

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san na yi laifi. Abin ne ya fi ƙarfina, kuma ba ni da wanda zan iya faɗa wa ido da ido.

Ni 'yar Kano ce, na daɗe a New York, muna zaune a unguwar Highbridge cikin yankin Bronx. Mijina tasi yake ja, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. 'Yarmu ɗaya ce, zan kira ta Safiyya, shekararta goma sha uku yanzu. Ina da yaya uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Rabi, tana tsibirin Staten Island da mijinta. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta tsaya a kan aurena, a gidanta na sauka ranar da na fara taka ƙasar nan. Idan na ce Yaya uwata ce ban yi ƙarya ba.

Yaya ta yi shekara da shekaru tana neman haihuwa. Ciki ya shiga ya zube, ya shiga ya zube, har aka gano ƙari ne ya cika mata mahaifa, ƙarshe dole aka cire mahaifar gaba ɗaya. Daga ita sai mijinta sai ni muka san da wannan aikin, dangin mijinta sun ɗauka ƙarin kawai aka cire. Ni na raka ta ranar da likita ta ce mata ƙwanta yana nan lafiya lau, wurin da ɗa zai kwanta ne babu. Ta yi mana bayani cewa ana iya ciro ƙwan Yaya a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana biyar a dasa a mahaifar wata mace ta raini cikin har ta haife. Ta ce ɗan ba zai ɗauki komai na halittar mai ɗaukar cikin ba, kamanni da jini da gadon ciwo duk na masu ƙwai da maniyyi ne, ita masauki ce kawai. Muna cikin jirgin ruwan komawa gida Yaya hawaye kawai take yi. Wallahi Anti ba ta roƙe ni ba. Ni na kama hannunta na ce, "Yaya, ai ni ina da mahaifa." Ta ce, "Ke, rufa mini asiri, kin san abin da kike faɗa kuwa?" Na ce na sani. Ashe ban sani ba.

Mijina ya ƙi da farko. Ya tambayi wani malami ba tare da ya ambaci suna ba, malamin ya ce masa yawancin malamai ba su yarda da wannan ba saboda cakuɗuwar nasaba, kuma uwa ita ce wadda ta haifa. Mun ji, amma na yi ta yi masa magiya wata da watanni har ya ce, "To, amma da sharaɗi, kada kowa ya ji." Wannan ma wani nauyi ne da nake ɗauke da shi tsakanina da Ubangijina, amma ba shi ya kawo ni yau ba.

Sai da muka ga lauya kafin asibiti su karɓe mu. Ya ce a dokar New York ta wancan lokacin haramun ne a biya mace kuɗi don ta ɗauki ciki, amma na taimako irin namu ba a hana ba. Sai dai ya gargaɗi Yaya cewa duk takardar da za mu sa wa hannu kotu ba za ta tilasta ni in cika ba. A idon doka wadda ta haihu ita ce uwa, mijinta kuma shi ne uba, har sai an je gaban alƙali an canza. Ya dube ta ya ce, "Idan ƙanwarki ta canza ra'ayi bayan haihuwa, za ki sha wahala." Yaya ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata ce." Asibitin kuma suka tura mu wurin wata mai ba da shawara, ta tambaye ni me zan gaya wa 'yata, lokacin Safiyya tana da shekara shida. Ta ce yara suna gane gaskiya idan an faɗa musu da sauƙi, in ce mata ina riƙe wa yayata jaririnta ne a cikina. Na ce mata to, zan faɗa. Na fito ina cewa a raina, wannan Baturiyar ba ta san mu ba. Yarinyar da duk abin da ta ji a gida sai ta kai Islamiyya?

An yi wa Yaya allurai aka ciro ƙwai, ni kuma aka ɗora ni a kan ƙwayoyi da wata allurar mai da ake yi mini kullum har zama ya gagare ni. Dashen farko bai kama ba. Na biyu ya kama. Da cikin ya fito, matan unguwa suka fara yi mini barka, ni kuma ina amsawa, to me zan ce? Yaya kuwa ta rage fita, ta koma sa zumbula-zumbulan hijabai, aka bar mutane suka yi ta hasashen ita ma Allah ya dube ta. Wadda ta fi kowa murna ita ce Safiyya. Ta daɗe tana roƙon ƙani. Kafin ta tafi makaranta sai ta sa bakinta a cikina ta yi masa sallama, ta raɗa masa suna Sadik, ta ware masa rabin durowar kayanta. Ina kallonta, kullum ina cewa gobe zan san yadda zan yi, har wata tara ya cika.

Na koma gidan Yaya da sunan hutu, can na haihu, namiji. Mijina ya dawo Bronx ya ce wa mutane ɗan bai zo da rai ba, an riga an binne shi a can. Bayan mako biyu aka sanar Yaya ta sauka. Da na dawo gida mata suka cika mini falo suna ta'aziyya, ana kawo abinci, ana ba ni haƙuri, ni kuma nono yana zuba a rigata. Na yi kuka sosai, kowa ya ɗauka na rashi ne. Safiyya ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Mommy, ina Sadik?" Na dubi idon 'yata na ce, "Allah ya karɓi abinsa." Ba ta yi kuka ba, ta juya ta shige ɗaki. Na ce yarinya ce, za ta manta. A takardar haihuwa sunana da na mijina aka fara rubutawa, sai da aka yi gwajin DNA muka je kotu, alƙali ya tambaye ni ko da yardata, na ce e, sannan aka mayar da sunan Yaya da mijinta. Yaron yana nan, ana kiransa Mubarak, shekararsa shida, kamarsa ɗaya da ubansa. Duk sallah Safiyya ce take goya shi tana yawo da shi.

Watan jiya ina wurin aiki aka kira ni daga makarantarsu, wai Safiyya ta yanke jiki ta faɗi. Na je na same ta a kwance a ɗakin nas, leɓenta a bushe. Nas ta ce yarinyar ta ce azumi take, kuma ta yi fiye da mako uku tana yi. Mako uku, Anti, a gidana, ban sani ba! Ina fita aiki da sassafe, abincin da nake zuba mata ashe ƙawayenta take ba wa. Da muka dawo gida na zaunar da ita na ce, "Azumin me kike yi, ba Ramadan ba, ba Litinin ba, ba Alhamis ba?" Na matsa mata. Sai ta ce, rabi Hausa rabi Turanci, malamarsu ta Islamiyya ta karantar da su cewa wanda ya kashe rai bisa kuskure kaffararsa azumin wata biyu a jere. Na ce, "To ke wa kika kashe?" Ta ce, "Sadik."

Ta tuna mini wata rana da ni har na manta da ita. Cikin yana wata bakwai, muna saukowa daga wata doguwar matattakala ta unguwarmu, ta hango bas ta fizgi hannuna don mu yi sauri, na yi tuntuɓe na durƙusa a gwiwa. An duba ni a asibiti a ranar, babu abin da ya samu cikin. Ita kuwa ta riƙe. Ta ce, "Kin ce mini a lokacin, so kike ki kashe mini ɗa? Kuma ya mutu. Ni ce, Mommy. Shi ya sa ba ki ƙara haihuwa ba." Shekara shida 'yata tana kwana tana tashi da wannan, ita kaɗai, tana jiran ta balaga ta biya. Wace irin uwa ce ni?

Kun san abin da na yi? Na sake yi mata ƙarya. Na rungume ta na ce likita ya ce cibiya ce ta naɗe masa wuya, ba ruwanta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kina faɗa ne don in ji daɗi. In da gaske ne, me ya sa ba ki taɓa kai ni kabarinsa ba?" Ta daina azumin saboda babanta ya yi mata faɗa, amma ba ta daina ramewa ba, kuma makaranta sun ce sai ta fara ganin likitan damuwa.

Na je wurin Yaya na gaya mata komai. Ta yi kuka kamar ranta zai fita, sannan ta durƙusa a gabana, yayata da ta raine ni, ta riƙe ƙafata. Ta ce, "Ki yi wa Allah ki ƙara haƙuri. Safiyya yarinya ce, in ta faɗa wa mutum ɗaya shi ke nan. Dangin uban Mubarak za su ce ba ɗana ba ne, wasu ma su kira shi da sunan da ba zan iya faɗa ba. Da wane ido zai tashi a cikin mutane?" Na ce, "Yaya, ni kuma tawa fa?" Mijina shi ma ya ce a bari ta kai sha takwas. Shekara biyar nan gaba ke nan. Wa ya ba ni tabbacin za ta kai lafiya?

In na yi shiru, ina kallon 'yata tana narkewa a kan laifin da ba a taɓa yi ba. In na faɗa, na karya alƙawarin da na yi wa Yaya da mijina, na jefa yaron da bai ji ba bai gani ba a bakin mutane, kuma Safiyya za ta san cewa uwarta ta zauna an yi mata ta'aziyyar ɗan da yake raye. Anya za ta ƙara yarda da wata magana tawa? Jiya ta tambaye ni ko yaran da suka mutu suna yafe wa mutane a lahira. Na ce mata tuwo zai ƙone, na gudu kicin.

Iyaye mata, malamai, da duk wanda ya san darajar ɗa, don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Me zan yi?